Na danna F1 sai ta kai ni intanet: ina taimakon da ke cikin Windows ya shiga?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi. Shekara da shekaru da Windows 7 nake aiki, in abu ya shige mini duhu sai in buɗe Help and Support in karanta, ko da babu intanet. Yanzu na sayi kwamfutar tebur ta hannu mai Windows 10. In na danna F1 sai ta buɗe burauza, in babu data kuwa shi ke nan. Shin sun cire taimakon ne gaba ɗaya? Na gaji da kinkimar kwamfuta zuwa wurin mai gyara a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma kullum maganarsa ɗaya ce, a yi fomatin."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. Wancan littafin da ka sani, wanda ke zaune a cikin kwamfutar kana buɗe shi shafi bayan shafi, babu shi a Windows 10, babu shi a Windows 11. Amma tambayarka kashi biyu ce. Akwai taimakon da ke koya maka yadda ake yin abu, akwai kuma wanda ke gaya maka abin da ke damun kwamfutar. Na farkon ne Microsoft ya kwashe ya mayar intanet. Na biyun yana nan daram a cikin na'urarka, ba ya cin ko sisin data, kuma shi ne zai rage maka zirga-zirgar zuwa wurin mai gyara. Matsalarsa ɗaya, ba a tara shi wuri guda ba, sai ka san ƙofofin.

Dalilin kwashewar ba ɓoyayye ba ne. Windows 7 kan yi shekaru fuskarsa ba ta canja ba, don haka bayanin da aka rubuta ranar farko yana nan daidai har ƙarshe. Windows 10 da ya fito a 2015 an riƙa sauya masa fasali kusan sau biyu a shekara na tsawon lokaci, abin da ke nan yau gobe an matsar da shi can. Littafin da aka ajiye a cikin kwamfuta zai tsufa kafin a gama karanta shi. Sai suka ga gara bayanin ya zauna a shafinsu suna gyara shi. Hujjar tana da ma'ana ga wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa. Ga mai sayen data da awo kuwa, an yi masa ƙwange, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba.

Abin da F1 ke yi yanzu

F1 bai mutu ba, yana kiran taimakon manhajar da ke gabanka ne a lokacin da ka danna shi. In kana kan fuskar kwamfuta ko cikin File Explorer, zai buɗe burauza ya yi maka bincike a Bing. In kana cikin sabon Word ko Excel zai buɗe wani ɗan fili a gefen dama, shi ma yana neman intanet. Amma tsofaffin manhajoji da dama, da waɗanda ke zuwa da firinta ko sikana, har yau suna ɗauke da littafinsu, fayil mai ƙarewa da .chm, kuma F1 zai buɗe shi ba tare da data ba. Irin wannan fayil in ka sauko da shi daga intanet, sau da yawa za ka ga jerin babobi a hagu amma dama fari fat. Ba lalacewa ya yi ba, Windows ne ya toshe shi don ya san daga waje ya zo. Danna shi da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, a ƙasan shafin General ka sa alama a Unblock, ka danna OK. Fayil mai ƙarewa da .hlp kuwa, na zamanin Windows XP da kafinsa, Windows 10 ba ya buɗe shi sam, kada ka wahalar da kanka.

Ga masu laftof, in an danna F1 sai murya ta ɗauke ko wani abu dabam ya faru, to sai an haɗa da maɓallin Fn. A yawancin Dell da Lenovo, Fn da Esc tare suna juya tsarin layin saman gaba ɗaya.

Akwatin bincike shi ya gaji rabin aikin tsohon littafin. Danna maɓallin Windows, wato mai hoton taga, ka fara rubutu kai tsaye. Abin da ke cikin kwamfutar zai fito ko babu intanet. Sirrin kawai shi ne ka rubuta sunan abu, kalma ɗaya ko biyu, ba doguwar jimla ba: printer, sound, date, language, uninstall. Haka ma a cikin Settings, wanda Windows da I ke buɗewa, akwai akwati a sama da ke nemo saiti da sunansa. A Word da Excel daga na 2016 zuwa sama, Alt da Q na kai ka wani akwati makamancin wannan. Rubuta watermark ko margins, zai kawo maka maɓallin da kansa, ba bayani a kansa ba. In kuma ka ajiye kibiyar linzami a kan maɓalli na daƙiƙa ɗaya ba ka danna ba, zai faɗa maka sunansa da aikinsa. A Excel, ɗan maɓallin fx da ke gefen layin rubuta lissafi yana bayyana kowace dabara da abin da take buƙata, duk a cikin kwamfutar.

Manhajar Get Help ita ce magajiyar Help and Support a hukumance. Kana rubuta matsalarka, ta kawo matakai, wani lokaci ta gudanar da gwaji da kanta. Intanet take so. Rubutu ne yawanci, ba ta cin data sosai. Abin da ke shanye data shi ne Windows da ke fakewa da haɗin ya fara sauko da sabuntawa. Kafin ka haɗa da wayarka, shiga Settings, sai Network & Internet, ka zaɓi haɗin da kake kai, ka kunna Set as metered connection. Wannan na gaya wa Windows cewa datar nan a ƙirge take, sai ya rage hannu. In ka sami shafin da ya yi maka amfani, danna Ctrl da P, a wurin zaɓen firinta ka ɗauki Microsoft Print to PDF, ka ajiye a wata folda. Cikin wata biyu za ka ga ka haɗa littafinka na kanka, wanda ya dace da matsalolin shagonka.

Saƙon kuskure, da lambar da ke jikinsa

Nan ne zan daɗe, domin nan ne akasarin mutane ke zubar da taimakon da aka miƙo musu a hannu. Ƙaramar taga ta fito da jan alama, kafin ta gama bayyana an danna OK, sannan a je wa mai gyara da "ta ƙi yi". Mutumin da aka kawo wa "ta ƙi yi" ba shi da abin kamawa, shi ya sa fomatin ke zama amsarsa. Wancan saƙon da ka kore, shi ne kwamfutar ke faɗa maka ciwonta da bakinta.

Saboda haka kada ka rufe. Yayin da tagar ke gaba, danna Ctrl da C, ka buɗe Notepad ka danna Ctrl da V. A yawancin irin waɗannan tagogi rubutun gaba ɗaya zai sauka, har da taken sama. In bai yi ba, Windows da Shift da S zai ba ka damar yanko hoton wurin, ko kuwa ka ɗauka da wayarka, wanda shi ne mafi sauƙi in kwamfutar ta sandare.

Sau da yawa saƙon na zuwa da lamba irin 0x80070005. Ba ado ba ce, kuma kana iya fassara ta babu intanet. Duk lambar da ta fara da 0x8007, gurabe huɗu na ƙarshe su ne ainihin lambar kuskuren, sai dai an rubuta su da ƙidayar sha shida-sha shida da kwamfuta ke amfani da ita. Buɗe Calculator, daga jerin da ke kusurwar hagu ka zaɓi Programmer, ka danna HEX, ka rubuta waɗannan gurabe huɗu, sannan ka dubi abin da ya fito a layin DEC. Yanzu danna maɓallin Windows, rubuta cmd, ka buɗe baƙar tagar nan ta Command Prompt, ka rubuta net helpmsg, ka bar tazara, ka sa lambar.

Ga yadda yake a aikace. Sabuntawa ta tsaya da 0x80070070. Guraben ƙarshe 0070 ne, a Calculator za su ba ka 112. Ka rubuta net helpmsg 112, amsa ta fito cewa babu isasshen wuri a rumbun ajiya. Ka ga wannan ba ta fomatin ba ce, ta share tarkace ce da Disk Cleanup da kwashe tsofaffin fayilolin kwastomomi. Ita 0x80070005 tana komawa 5, ma'ana an hana ka izini, galibi don aikin na buƙatar ikon mai kula da kwamfutar. 0x80070002 tana komawa 2, an nemi wani fayil ba a same shi ba. 0x80070020 tana komawa 32, wata manhaja na riƙe da fayil ɗin, don haka rufe ta ko sake kunna kwamfutar zai warware. Wadda za ta fi shafar ka a shago ita ce 0x00000709 da kan fito wajen zaɓen firinta ko haɗa ta da wata kwamfutar: 709 na komawa 1801, wato sunan firintar bai yi daidai ba. In lissafin ya yi maka nauyi, rubuta certutil -error sannan lambar yadda take da 0x ɗinta, shi zai yi maka juyin.

Wannan dabara ba ta cin kowace lamba. Waɗanda suka fara da 0x8024, alal misali, na sashen sabuntawa ne, net helpmsg bai san su ba. Irin su ne za ka kashe wa data, kuma in za ka bincika, rubuta lambar da ainihin kalmomin saƙon harafi da harafi, kada ka fassara, kada ka taƙaita.

Tarihin lafiyar kwamfuta

In matsalar ta riga ta wuce ba ka kama saƙon ba, Windows ya rubuta. Danna Windows da R, akwatin Run zai fito, ka rubuta perfmon /rel, ka danna Enter. Reliability Monitor zai buɗe. A ganina babu wani kayan taimako a cikin Windows da ya kai shi amfani ga wanda ba gyara ne sana'arsa ba, kuma ƙalilan ne suka san da shi. Jadawali ne na kwanaki. Ranar da wata manhaja ta faɗi ko kwamfutar ta mutu ba shiri, za ka ga jan da'ira mai gicciye. Ranar da aka sa sabuwar manhaja ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya magana da firinta ko wani sashe, za ka ga shuɗiyar alama. Danna ranar, a ƙasa zai jero abin da ya faru, kowanne da View technical details a gefensa, inda za ka ga sunan manhajar da ta faɗi da ɓangarenta da ya jawo.

Yadda ake karanta shi: nemo ranar da jajayen suka fara, sannan ka dubi shuɗayen wannan rana da ta jiyanta. In CorelDRAW ya fara mutuwa ranar Talata, kuma ranar Litinin aka sa sabon direban firinta, ka sami wanda za ka fara tuhuma. Ba kullum ne ake dacewa haka ba, amma ana dacewa fiye da yadda za ka zata.

Event Viewer, wanda eventvwr ke buɗewa daga akwatin Run, shi ne babban kundin da ake ɗebo wancan daga ciki. Ina gargaɗinka tun kafin ka shiga: za ka ga gargaɗi da kurakurai ɗaruruwa, ko a kwamfutar da aka ciro daga kwali jiya. Yawancinsu ba komai ba ne, irin su DistributedCOM mai lamba 10016 da ke cika wurin. Shiga Windows Logs, sai System, ka nemi abu biyu kawai. Na farko Kernel-Power mai lamba 41, ma'anarsa kwamfutar ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. In lokacin ya yi daidai da ɗauke wuta ko sauyawa zuwa janareta, ba ciwo ba ne, UPS take buƙata. In kuwa wuta na nan lafiya ta mutu, a duba zafi, da ƙurar da ta toshe fanka, da akwatin wutar cikinta. Na biyu, duk abin da tushensa Disk ne, musamman lamba 7 da ke cewa akwai gurɓataccen gurbi a rumbun. In ka ga wannan yana maimaituwa, bar duk abin da kake yi ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri yau ɗin nan. Fomatin ba ya warkar da rumbun da ya fara mutuwa.

Kwamfutar da aka saya ta hannu kan zo da wani sashe da ba ya aiki, sauti ko Wi-Fi. Danna Windows da X, ka zaɓi Device Manager. Abin da ke da matsala zai ɗauki alamar motsin rai a cikin rawayar kusurwa uku. Danna shi sau biyu, akwatin Device status zai ba ka lamba. Code 28 na nufin ba a sa direba ba. Code 22, an kashe na'urar ne, Enable kawai za ka danna. Code 10, ta kasa tashi, galibi direban bai dace ba. Code 43, Windows ya dakatar da ita don ta kawo ƙarar matsala, kuma nan ana iya samun lalacewar ƙarfen kansa. In an rubuta Unknown device ba ka san ko mene ne ba, shiga shafin Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga VEN da gurabe huɗu, sannan DEV da wasu huɗu. VEN kamfanin ne: 8086 Intel, 10EC Realtek, 10DE Nvidia, 1002 AMD. Da wannan layin za ka nemo direban daidai daga shafin wanda ya ƙera kwamfutar, maimakon manhajojin nan masu alƙawarin sa maka dukan direbobi a danna ɗaya, waɗanda kan shigo da tarkacen talla.

Akwai kuma masu gano matsala da kansu. A Windows 10 suna Settings, Update & Security, Troubleshoot, sai Additional troubleshooters; a Windows 11 suna System, Troubleshoot, Other troubleshooters, kuma a sababbin fitowarsa an mayar da su cikin Get Help, don haka suna son intanet. Na firinta da na sauti da na haɗin intanet sun cancanci gwaji, minti biyu ne. Kada dai ka ɗora musu buri, abubuwan da aka saba gani kawai suke dubawa. In takardu sun maƙale a layin firinta sun ƙi fita sun ƙi goguwa, yi da hannunka: rubuta services.msc a akwatin Run, nemo Print Spooler ka tsayar da shi, share abin da ke cikin foldar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ba foldar kanta ba, ka dawo ka tashe shi. Lura cewa a wannan taga ta Services kowane layi na da bayanin aikinsa a gefe, shi ma taimako ne.

Baƙar taga tana da littafinta

Abin da ya rage na cikakken littafi marar buƙatar intanet yana cikin Command Prompt. Rubuta help, zai jero umarnai da aikin kowanne a layi ɗaya. Jerin bai ƙunshi duka ba, amma kusan kowane umarni in ka bi shi da tazara da /? zai bayyana kansa. Abin da aka sa a cikin baka mai kusurwa, kamar [/S], na ganin dama ne. Tsayayyen layi tsakanin abu biyu na nufin ɗauki ɗaya. In bayanin ya fi fuskar tsawo, ƙara | more a ƙarshe ya riƙa tsayawa shafi-shafi, ko | clip ya kwafe shi ka zuba a Notepad ka buga a takarda, tunda firinta a hannunka take.

Ga inda zai yi maka rana. Kwastoma ya kawo filashi, ka buɗe, fayilolinsa sun ɓace ko duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya, alhali filashin na nuna a cike yake. Ƙwayar cutar nan ce da ke yawo daga shago zuwa shago, ba ta share fayil, ɓoye shi take yi. Maganin da ake yaɗawa shi ne attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in filashin E ne. Kafin ka rubuta, yi attrib /? ka karanta. Za ka ga alamar ragi na cire siffa, H ɓoyewa ce, R hana gyara, S alamar fayil ɗin tsarin kwamfuta, /S ya bi cikin ƙananan foldoji, /D ya haɗa da foldojin kansu. Da ka fahimci haka za ka gane da kanka abin da ya sa ba a yin wannan a kan C, kuma za ka tabbatar da harafin filashin kafin ka danna Enter. Za ka kuma gane cewa umarnin ya fito da fayiloli ne kawai, ƙwayar tana nan, sai ka bi filashin da Windows Security, kuma kada ka danna gajerun hanyoyin nan.

Wannan ɗabi'a nake so ta zauna maka: duk umarnin da wani ya ba ka, a bidiyo ko a rukunin WhatsApp, ka tambayi /? tukuna. Robocopy, alal misali, gwani ne wajen kwafe fayiloli masu yawa, amma in aka sa masa /MIR zai share duk abin da ke wurin saukewa wanda babu shi a wurin ɗaukowa. Wanda ya juya wuraren biyu bisa kuskure ya yi asarar abin da yake son tsarewa, kuma bayanin hakan na nan a rubuce cikin taimakon umarnin.

PowerShell, wata tagar rubuta umarni mai kama da Command Prompt, na da nasa, Get-Help, sai dai yana zuwa kusan fanko. Sau ɗaya za ka buɗe PowerShell da ikon mai kula, wato Run as administrator, da intanet, ka rubuta Update-Help -UICulture en-US, daga nan ya zauna a kwamfutar. Sa en-US ɗin na da dalili: in harshen kwamfutarka wani ne dabam, zai nemi bayanin a wannan harshe ya rasa. Jan rubutu a kan sashe biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, sauran sun sauka. Bayan haka Get-Help Get-Printer -Examples zai ba ka misalai zalla. In kana da kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba, Save-Help zai zuba bayanin a filashi daga wata, ka ɗora da Update-Help -SourcePath. Mai shagon buga takardu zai iya shekara bai buƙaci wannan ba, na faɗa ne don ka san yana nan.

Batun harshe: Windows 10 na da fuskar Hausa da ake ƙarawa daga Time & Language, amma wani ɓangare kawai aka fassara, bayanan taimako da saƙonnin kuskure masu zurfi da Turanci suke fitowa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke aiki da Windows na Faransanci za su ga sunayen wurare sun bambanta, Settings ya zama Paramètres, Get Help ya zama Obtenir de l'aide, amma umarnai da lambobin kuskure iri ɗaya ne ko'ina. Shi ya sa na fi ba ka abin da za ka rubuta a akwatin Run. A Mac, jerin Help da ke saman fuska na da akwatin bincike da ke nuna maka inda umarni yake da kibiya. A Linux, man da sunan umarni ne ke buɗe littafinsa.

In mutum za ka nema

Quick Assist na cikin Windows, Ctrl da Windows da Q ke buɗe shi. Wanda zai taimaka maka ya shiga da asusunsa na Microsoft ya karɓi wata lamba mai ƙarewa cikin 'yan mintuna, ya faɗa maka, ka shigar, ka amince, sai ya ga fuskar kwamfutarka daga inda yake. Riƙe linzaminka kuwa sai ka ba da izini. Yana rage kinkimar kwamfuta ƙwarai. Amma ƙofa ce, kuma 'yan damfara sun san ta. Microsoft ba ya kiran mutum haka kawai ya ce kwamfutarsa ta kamu, kuma saƙon kuskuren Windows na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Shafin da ya cika maka fuska da ƙara da jan rubutu yana cewa kira wannan lamba, shafin intanet ne kawai. Ctrl da Shift da Esc, ka rufe burauzar daga Task Manager. Irin mutanen nan Event Viewer suke buɗe wa mutum su nuna masa ɗaruruwan kurakuran nan da na ce maka ba komai ba ne, don ya tsorata ya biya. Wanda ka sani ido da ido, kuma kai ka neme shi, shi kaɗai za ka buɗe wa.

Duk abin da na lissafa yana aiki ne in Windows ya tashi. In ya ƙi, bayan ya kasa tashi sau biyu ko uku a jere yakan shiga shuɗin filin gyara da kansa, inda za ka bi Troubleshoot, Advanced options, ka gwada Startup Repair ko System Restore ko cire sabuntawar ƙarshe. In yana tashi amma kana son shiga wurin, riƙe Shift ka danna Restart. Shuɗiyar fuskar mutuwa kuma, wadda kan fito in Windows ya faɗi gaba ɗaya, tana rubuta sunan matsalar a ƙasa da manyan haruffa, kamar INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ɗauki hotonsa kafin ta wuce. Abin da ya shafi ƙarfe, rumbun da ke ƙara ƙas-ƙas, kwamfutar da ko fanka ba ta juyawa, ƙaurin ƙuna, wannan na mai gyara ne, babu taimakon cikin manhaja da zai taɓa shi. Ka kuma sani Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025, don haka sababbin bayanan shafinsa sun karkata ga Windows 11, wani lokaci matakan da za ka karanta ba za su yi daidai da abin da ke gabanka ba. Rubuta winver a Run ka san ainihin wanda kake da shi, ka riƙa duba wa wanne aka rubuta bayanin.

Ranar da tafiya wurin mai gyara ta zama dole, tafi da takarda ɗaya: abin da winver ya nuna, ainihin kalmomin saƙon da lambarsa, ranar da jajayen suka fara a Reliability Monitor da abin da aka sa a ranar, da abin da ka riga ka gwada. Ka kwashe fayilolin kwastomominka kafin kwamfutar ta bar shagon. In ya ce fomatin, tambaye shi wanne daga cikin abubuwan da ke takardar ne fomatin ɗin zai gyara.